Malam Tela, Takarda Ta Fi Ka Ido

To, jama'a, ku yi dariyarku ku ƙoshi, ba sauri nake ba. Na san abin da ya ba ku dariya. Wai mutum da hankalinsa, da kekensa, da zaren da ya saya da kuɗinsa, zai ɗauki takarda ya ɗinke ta da ƙyalle, in ya gama kuma ya miƙe ƙafa yana yage takardar yana zubarwa. Ga Malam Tela can yana girgiza kai. Ga Hajiya ta taɓe baki tun ban kai ko'ina ba. Ga kuma Baba yana cewa ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa, shi ya sa suke neman abin yi. Na ji ku duka, kuma kowa zai samu rabonsa.

Kafin a yi rigima dai, a san abin da ake rigimar a kansa. Mutanen Amurka suna da wani bargo da suke kira kwilt. Hawa uku ne: fuska a sama, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa, sannan a bi su da ɗinki a riƙe wuri ɗaya. Fuskar ita ce abin kallo, domin ƙananan ƙyallaye ake harhaɗawa su ba da zane, taurari ne, alwatika ce, tsuntsaye ne. Abin bai tsaya a ɗakin tsofaffi ba, har gidan tarihi aka gina wa bargon a garin Paduka na jihar Kentaki, aka buɗe shi a 1991. Hanyoyin haɗa fuskar suna da yawa, yau ɗaya za mu taɓa, mu kira ta ɗinkin bin takarda. Ana zana fasalin a takarda, kowane gurbi da lambarsa, 1, 2, 3, har zuwa ƙarshe. Ana ɗora ƙyalle a bayan takardar, a juyo, a bi layin da allura. Takarda ke awo, kai naka taka keke da bin lamba.

Malam Tela, da kai zan fara, don na ga har ka ciro tef daga wuya.

"Ni za a ba takarda? Tun kana rarrafe nake yanka shadda. Idona ne ma'aunina."

Allah Ya ƙara basira, ranka ya daɗe. Ba wanda ya ce ba ka iya fitar da wuyan riga ba. Mu da muke karɓar ɗinkin sallarmu ranar hawan Daushe mun shaida kyawun hannunka, lissafin kwanaki ne kawai yake ɗan ba ka wahala. Amma ka fi ni sanin halin yadi. Yana da tsaye, yana da kwance, kuma in ka yanka shi a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, bakin nan ba shi da amana, da ka ɗan ja shi sai ya ƙara tsawo. Alwatika kuwa, duk yadda ka juya ta a kan yadi, sai aƙalla gefe ɗaya ya faɗo a karkace. To akwai wani zane da masu wannan sana'a suke ji da shi, Kamfas ɗin Matuƙan Jirgin Ruwa. Tauraro ne mai tsini 16, wani har 32, kowane tsini siriri, kuma dole duka su fito daidai wa daida a kewaye. Ka yanka waɗannan da ido, ka haɗa su da ido, in ka gama ka shimfiɗa a tabarma mu gani. Tsakiyar za ta taso ta yi tozo, tsinin kuma wani ya yi kai, wani an guntule shi.

Lissafin ba shi da wuya. In kowane ɗinki ya kauce da milimita 1 kacal, abin da ko gwanin gwanaye ba zai lura ba, layi mai ɗinki 20 ya kauce da santimita 2. A babbar riga santimita 2 ba komai ba ne, iska ma za ta ji daɗin shiga. A bargon faci kuwa shi ne bambancin tauraro da ɓarna. Takarda ba ta miƙewa, shi ne duk sirrin. Tana riƙe bakin ƙyallen har allura ta wuce, kuma layin da aka zana yana nan inda aka zana shi, ko ka yi barci jiya ko ba ka yi ba. Magini ma, duk tsufansa a sana'a, sai ya ja igiya kafin ya jera bulo, kuma ban taɓa jin an ce igiyar ta rage masa daraja ba.

Baba, Allah Ya ja kwana, na ji kana gunaguni.

"Wannan ai fitinar yaran zamani ce, a waya suka gano."

A'a, Baba, wannan fitinar ta girme ka, ta girmi kakanka. Tun shekarun 1860, lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, wani zane mai suna Bukkar Katako ya yaɗu a can. Ɗan murabba'i ne a tsakiya, galibi ja, ana cewa murhun gida yake nufi, sai a riƙa kewaye shi da siraran ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya. Da yawa daga cikinsu a kan wani yadi mara kauri aka ɗinka su, shi ne tushen da ke riƙe su. Bayan baje kolin Filadelfiya na 1876 kuma matan masu hali suka shiga yayin wani bargo na guntayen siliki da karan-miski, kowane guntu da irin fasalinsa, shi ma a kan tushen yadi. Sai talauci ya ƙwanƙwasa ƙofa. A shekarun 1930, da tattalin arzikin Amurka ya karye, matan karkara ba su da yadin da za su ɓata a tushe. Tsohuwar jarida suka riƙa yankawa, da shafukan littafin tallan kaya, suna ɗinka siraran tsummoki a kai. Wasu ma ba su cire takardar ba, har yau masu binciken tsofaffin barguna sukan tarar da guntun jarida a ciki su karanta kwanan wata. Ka ga ashe ba ƙoshi kaɗai ya kawo ta ba, har da babu.

Abin da ya zo daga baya shi ne zana layi da lamba a takardar, a bi da keke. Jane Hall da Dixie Haywood sun fitar da littafi a 1989 kan zanen da ake kira Abarba, Carol Doak kuma ta fitar da nata a 1994 kan yin aikin da keken ɗinki. Da injin hoton takarda ya wadata, sai kowa ya samu fasali a hannunsa.

Kada kuma a rikita wannan da ta Ingila, domin wata hanya ce daban. Su mutanen Ingila yanka takardar suke yi gunduwa-gunduwa, galibi mai kusurwa shida, su naɗe kowace da ƙyalle, su haɗa bakin da allurar hannu. Akwai wata shimfiɗar siliki da aka yi haka mai ɗauke da shekarar 1718 a jikinta, tana hannun ƙungiyar masu wannan sana'a a birnin Yok. Tasu ta hannu ce da haƙuri, tamu ta yau ta keke ce da lamba.

Kuma Baba, tun da ka ce aikin Turawa ne, ranar hawa me kake gani a jikin dawakin 'yan lifidi? Yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsaka, an bi da ɗinki. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi. Ban ce da takarda aka ɗinka shi ba, kada a je a yi mini sharri a majalisa. Na ce dai hawa ukun nan da kake yi wa dariya, dokin kakanka ya sa shi ya je yaƙi ya dawo.

Hajiya, na ga bakin ya ɗan saki.

"To, in ba surutu ba, yaya ake yi?"

Yauwa, ranki ya daɗe, ke ce mai tambayar arziki. Ki bar Kamfas ɗin nan tukuna, ba a fara iyo a tsakiyar kogi. Za mu fara da murabba'i cikin murabba'i, guntu biyar kacal. Ki samu takarda mara kauri, da rula, da fensir. Ki zana murabba'i mai santimita 10 kowane gefe. Ki sa ɗigo a tsakiyar kowane gefe, ki haɗa ɗigo huɗun da layi. Kin samu murabba'i a karkace a tsakiya, da alwatika huɗu a kusurwoyi. Na tsakiya ki rubuta masa 1. Kusurwa ɗaya 2, wadda ke fuskantarta 3, sauran biyun 4 da 5. Sannan ki kewaye duka da wani layi, milimita 6 daga na farko. Wannan ita ce rarar bakin ɗinki, Amurkawa rubu'in inci suke bari, kuma a wurinsu ba a wasa da shi.

Yanzu ƙyalle. Ki yanka murabba'i uku, kowanne santimita 10. Ɗaya mai haske na tsakiya. Biyun masu duhu ki raba kowanne daga kusurwa zuwa kusurwa, kin samu alwatika huɗu. Na san za ki ce sun yi girma. Da gangan ne, a wannan aiki rowa ita ce uwar kuka. Ƙyalle ya yi yawa a rage, in ya gaza kuwa sai farka.

Ki je wurin keken ki rage tsawon taku. Ɗinkin yau da kullum wajen milimita 2.5 ne, ke ki mayar da shi 1.5. Dalili biyu ne: taku ƙanana suna huda takardar kusa da kusa yadda za ta yage da sauƙi, kuma ba sa sassautawa in kin zo ja. Ki sa allura lamba 14, amma ki sani takarda tana dakushe allura, kada ki ɗauki wadda kike ji da ita. Tsohon keken ƙafa, Butterfly ne ko Singer, ya isa har ya yi yawa, don layi miƙaƙƙe kawai ake nema. Masu jiran a kawo wuta su yi ta jira.

Nan ne kan mutane ke juyewa, ki natsu. Ƙyalle a bayan takarda yake zama, gefen da babu zane. Ki ɗora guntu na 1 a can, bayansa yana taɓa takardar, fuskarsa tana kallonki. Ki ɗaga su ki duba a hasken taga, ki tabbata ya rufe gurbin 1 har ya zarce ta kowane gefe. Ki kafe shi da fil ko ɗan gam kaɗan. Ki juyo gefen zane, ki ɗora kati a kan layin da ya raba 1 da 2, ki ninke takardar a kansa. Ƙyallen da ya leƙo ki rage shi, ki bar milimita 6 daga ninkin. Ki buɗe takardar. Ki ɗauko alwatika, ki kifa ta a kan na 1 fuska da fuska, dogon gefenta daidai da bakin da kika gyara yanzu. Ki riƙe, ki juyo, zane yana sama ƙyalle yana ƙasa, ki bi layin da allura. Ki fara taku biyu kafin layin, ki wuce shi da taku biyu. Ki buɗe alwatikar, ki danna da dutsen guga, ba ruwa ba tururi. Shi ke nan, kin yi ɗaya. Ki maimaita wa 3, da 4, da 5: ninke, rage, kifa, ɗinka, goge. In kin gama ki yanke duka a kan layin waje, takarda da ƙyalle tare. Ki juyo ki kalli kusurwoyin murabba'in nan na tsakiya, sannan ki miƙa wa Malam Tela ya auna da tef ɗin nasa. Raina kama ka ga gayya.

Ki bi lambar nan bi da bi, domin kowane ɗinki shi ke rufe bakin wanda ya gabace shi. Mai tsallake lamba don yana sauri, shi da abin farke ɗinki za su kwana, kuma taku na milimita 1.5 ba ya farkuwa da daɗi. In takardar ta yage wajen farka, a liƙe ta da salatif ta gefen zane, amma kada dutsen guga ya hau kansa.

Saura tarkuna uku, na faɗa muku kyauta. Na farko, abin da ke takarda a juye yake fitowa a ƙyalle, tun da a baya ake ɗinki. Murabba'inmu bai damu ba, dama da hagunsa ɗaya ne. Amma ranar da kika ce za ki ɗinka sunan maigida, in ba ki juya haruffan a takarda ba, sai an kawo madubi kafin ya gane kansa. Na biyu, masu sauko da fasali daga intanet su kai shagon buga takardu. Yawancin fasalin nan an tsara su ne a kan takardar Amurka mai inci 8.5 da inci 11, mu kuwa A4 muke da ita, ta fi tasu tsawo, tasu ta fi faɗi. Yaron shago, don ya kyauta miki, sai ya sa kwamfuta ta daidaita zanen da shafin, ta rage shi ba ki sani ba. Ki ce masa a buga a ainihin girmansa, ɗari bisa ɗari. Masu tsara fasali sukan sa ɗan murabba'in gwaji na inci 1 a gefe, ki auna shi, in bai ba ki santimita 2.54 ba a sake. Na uku, tawada. Ta jarida tana goguwa a farin ƙyalle, ta injin bugawa ma takan tashi in zafi ya yi yawa, don haka a yi guga ta gefen ƙyalle, a shimfiɗa tsumma a ƙasa. Mai dutsen gawayi ya tuna takarda ce a hannunsa. Kuma duk wanda zai yi koyi da matan 1930 ya yanka jarida, ya duba da kyau, kada shafin ya kasance da aya ko sunan Allah, don ƙarshen takardar nan yagewa ne da shara.

Malam Tela ya dawo, da alama ya samo makami.

"Ɓarnar yadi fa? Da zaman yage takarda?"

Nan kam ka kama ni, kuma ba zan yi gardama ba. Hanyar tana cin yadi fiye da yanka daidai, don kowane guntu sai an rage shi. Tana kuma cin lokaci, tashi guga, zauna keke, tashi guga. Ga cire takarda a ƙarshe, wanda ba a yi sai an gama haɗa gidajen, wato murabba'an da aka ɗinka, da juna, don ita ke riƙe bakin waje kada ya miƙe. A ninke ta a kan ɗinkin, a ja a hankali, ƙananan da suka maƙale a kusurwa a tsince su da hantsaki. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Shi ya sa ko a Amurka ba a bin takarda don haɗa manyan murabba'ai, sai inda tsini ya yi tsini ko guntu ya yi ƙanƙanta. Amma batun ɓarna a bakinka, Malam, da ɗan nauyi. Wane ne yake da buhu biyu na ragowar atamfa a ƙarƙashin tebur, wanda in ya cika ake ba yara su kai bola? Atamfar nan ta auduga ita ce daidai wannan aiki: ba ta santsi, tana karɓar guga, kuma mai kyan cikinta gaba da baya kusan ɗaya ne, ko ɗan koyo ya kifa ta ba daidai ba asirinsa a rufe. A dai wanke ta tukuna, saboda mai zuba da mai shigewa. Leshi da yadi mai santsi a bar su sai hannu ya faɗa.

Akwai wani a baya yana fifita da hula yana cewa, "Bargo a wannan zafin?" Ɗan'uwa, mu haɗu a watan Janairu da asuba, lokacin da hunturu ya sa kake alwala kana karanta duk addu'ar da ka sani. Kuma wa ya ce sai bargo? Gidan nan na Hajiya santimita 10 ne. Guda 16, huɗu sau huɗu, sun ba da santimita 40, rigar matashin kujera ke nan. Guda 9 sun isa fuskar jaka. Mai farawa ya tsaya nan, ya ga ƙarshen abu ɗaya kafin ya ɗauko na gadon amarya.

Ga wani Bakano can bai ce komai ba tun ɗazu, lissafi yake yi. Yanzu zai ɗaga hannu ya ce, "Nawa ake samu?" Ranka ya daɗe, mutumin Kwari, ko gaisuwa babu? Gaskiyar magana, in ka ƙirga sa'o'in da bargo guda ke ci ka raba da abin da mai saye zai bayar a kasuwarmu, za ka koma kan turminka na yadi shida kana istigfari. Ƙananan kaya ne ke iya biyan wahalarsu, matashi, jaka, shimfiɗar jariri, kuma su ma sai a wurin wanda ya san bambancin tsini da guntulalle. Abin da zai sa ka kasa barci shi ne wannan: jarin aikin gaba ɗaya, takarda ce da fensir da ƙyallen da ake zubarwa kyauta.

Hajiya, kin ga yadda idonsa ya yi? Ki tashi yanzu ki je shagon Malam Tela ki kwaso buhun nan tun ana ce miki "ɗauki mana, dama ya tare mini wuri." Gobe war haka Bakano ya riga ki, kuma a mudu zai sayar miki.